Ƙusoshin Katangar Asibiti

Litinin, da hantsi

Wannan littafin injin wutar asibiti ne. Shekara talatin da ɗaya ina rubutu a irinsa: an tayar ƙarfe kaza, an kashe ƙarfe kaza. Ban taɓa zaman aji ba, likitan farko na asibitin nan ne ya koya mini haruffa a bayan kwalin magani don in daina damunsa. Da suka sallame ni bara sun manta ba su karɓi littafin ƙarshe ba, ga shafuka sun rage. Zan cika su, tunda a gidan nan babu mai jin maganata.

Yau na fito na tarar da jan fenti a jikin darbejiyata. Gicciye, daidai ƙirjin mutum. Bishiyar a cikin gidana take, kusa da katangar da ta raba mu da asibitin haihuwa. Wanda ya shafa sai da ya shigo gidana. Na tambayi ɗana Auta, ya ce bai gani ba. Yana ɗaure takalmi ya faɗa, bai ɗago ba.

Litinin, bayan la'asar

Ciyaman na kwamitin asibiti ya zo da takarda. Wai inuwar bishiyar tana kwanciya a kan gilasan solar da suka ɗora a rufin ɗakin haihuwa, batura ba sa cika, firij ɗin magani yana mutuwa kafin gari ya waye. Sun ba ni zuwa Asabar ta uku. Ko in sare, ko su zo su sare.

Ya ce, "Baba, duniya ce ta canza. Zafi yana ƙaruwa, dole a bar hayaƙi a koma hasken rana."

Na ce, "Shekarun baya wasu irinka sun zo da mota suna rabon dashe, suka ce a dasa bishiya domin duniya tana zafi. Yau kun zo da zarto, a sare bishiya domin duniya tana zafi. Ku fara shiryawa a tsakaninku tukuna, sannan ku zo gidana."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Yaron nan a hasken injina aka haife shi. Ni na riƙe bel ɗin injin da hannu ranar don kada wuta ta ɗauke wa uwarsa. Yanzu shi ke karanta mini takarda a tsaye.

Talata, da safe

Ba zan sare ba.

Laraba, da azahar

Bari in rubuta yadda aka yi, don wanda zai ce ban faɗa ba.

Da za su sa gilasan, wani mai hular roba ya zo aunawa. Tsakiyar bazara ce, tsakar rana, inuwa ta naɗe a gindin bishiya kamar kare mai barci. Na ce masa, ɗan nan, ka dawo bayan wata shida ka ga inda take kwana. Idan sanyi ya shigo rana karkata take yi, inuwar nan ta miƙe ta hau rufin. Ya ce, "Baba, na'ura ce ta auna." Abokansa suka yi dariya. Ciyaman yana wurin, shi ma ya yi.

Daga ranar na ɗinke bakina. Na faɗa sau ɗaya. Mai na'ura ya tambayi na'urarsa.

Abin da suka ba ni ranar sallama agogon bango ne. Mutumin da ya yi shekara talatin bai makara ba ko sau ɗaya, ba tare da agogo ba. Yana ƙarƙashin gado.

Alhamis, da hantsi

Na shiga ɗakin inji. Mabuɗi biyu ne, ɗaya na ba su. Ba sata ba ce, ba su tambaya ba.

Na goge shi, na ɗiga masa mai, na murɗa a hankali don kada ya cije. Kowace Alhamis haka nake yi. Ɗakin ɗan tsugul ne, inji ya cika shi, sai ka bi da gefe. Ranar da gilasansu za su kunyata su, za su aiko a kira ni, su tarar da shi a shirye.

Juma'a, da yamma

A rediyo mutum biyu suna ta cacar baki. Ɗaya ya ce mai shi ne ƙashin bayan ƙasa, talaka ba zai iya da sola ba. Ɗayan ya ce hayaƙi ne ya rikita damina, rana kuma kyauta ce. Da jin muryarsu ka san babu wanda inji ya taɓa ƙona wa hannu, babu kuma wanda ya taɓa hawa rufi.

Maganar damina dai ban musa ba. Ruwan da ke zuwa a kan lokaci yanzu sai ya ga dama, in ya zo kuma ya zo da fushi. Na gani da idona. Ban dai faɗa a gaban Auta ba.

Matar Auta ta kawo mini shayi, da ƙyar take sunkuyawa. Wata tara ya kama. Ta ce, "Baba, ka sha da zafinsa." Ita kaɗai ce a gidan nan ba ta yi mini maganar bishiya ba. Da ma ta yi, da na sami abin cewa.

Lahadi, da safe

An fita da matar Tela na unguwarmu a mota jiya, zuwa babban asibiti. Ban leƙa ba. Na ji dai gudu da kiran suna ta katanga.

Lahadi, bayan la'asar

Ungozoma ta leƙo ta kan katanga. Tare muka tsufa a asibitin nan, ita da almakashinta ni da sifanata. Baƙin Mai take ce mini tun muna da ƙuruciya.

Ta ce, "Baƙin Mai, allurar tsayar da jini ce ta lalace a firij. Na yi mata biyu, kamar na yi mata ruwa."

Na ce, "Da injina bai taɓa barin firij ya mutu ba."

Ta ce, "Kai, ji tsohon nan! Sau nawa mai ya yanke muka kwana da ƙanƙara a bokiti?"

Na ce wannan ba laifin inji ba ne.

Ta ce, "Wannan ma ba laifin rana ba ne." Ta tsaya tana kallona. "Surukarka a hannuna za ta haihu. Ka dai sani."

Na sani. Wa ya ce ban sani ba?

Litinin, da hantsi

Matar Tela ta rayu, an ce. Jaririn ma. Na bi ta gaban shagonsa na yi sallama, ya ƙara wa keken ɗinki gudu.

Mai kanti ma ya miƙo mini sabulu yana kallon wani wuri. Unguwar da rabinta a haskena aka yanke musu cibi.

Talata, bayan magariba

Mun yi da Auta. Shi ya fara. Ya ce mutane suna nuna shi da baki, ya ce itace ne fa kawai. Na ce itacen ya girme ka, kuma ka san hannun da ya dasa shi. Ya ce ya sani, shi ya sa. Ya ce, "Baba, ba bishiyar kake karewa ba, mun san me kake shiga yi ranar Alhamis."

Sannan ya faɗi wata magana a kan rasuwar uwarsa.

Ba zan rubuta ta ba.

Matarsa ta fito tana riƙe da ƙofa ta ce, "Don Allah ku bari." Da ba ta fito ba ban san me zai faru ba. Ga rubutun nan ma ya karkace.

Laraba, da safe

Ban ci ba. Ba fushi ba ne, ba na jin yunwa.

Laraba, da yamma

Yaron da na goya a wuya. Wa ya gaya masa? Likita bai ce haka ba. Likita cewa ya yi ƙirji ne, ƙirji kuwa kowa yana da shi. Mutum nawa suka yi tari suka tafi ba su taɓa ganin inji ba?

Alhamis, da hantsi

Ban shiga ɗakin inji ba yau. Ƙafata ce ke ciwo.

Asabar, da azahar

Saura mako ɗaya.

Kamfanin gilasan sun aiko wata injiniya, ba mai hular roba ba. Yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar matar Auta ba. Ta yi sallama, ta jira aka amsa, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ladabin ba zai sare bishiya ba. Ta ce, "Baba, ban zo da zarto ba, tsani kawai na kawo."

Ta hau rufi ta daɗe. Ta sauko ta zaga bayan asibiti, ni ina kallo ta ƙofar baya. Sai ta tsaya a jikin doguwar katangar nan, wadda ta taso daga ɗakin haihuwa har kusa da ɗakin inji. Ta shafa da yatsa.

Ta ce, "Baba, ƙusoshin nan fa? Na ga an jera su, wasu sun yi tsatsa wasu ba su yi ba."

Na ce na shanya ne.

Ta ce, "Shanya a nan ƙasa-ƙasa?"

Na ce matan da gajeru ne.

Ta yi dariya. Ta ce in babu wani wurin da rana ke samu duk shekara, ba ta da abin da za ta gaya wa kwamiti, kuma auna shekara guda sai an yi shekara guda. Ba ta da shekara, mako ɗaya take da shi.

Na juya na koma cikin gida.

Lahadi, da safe

Ba na shanya ba ne.

Agogona ne. Ƙarfe huɗu ake tayar da inji. Da bishiyar ta girma, likitan farko ya riƙa leƙowa ya ce huɗu ta yi, ni kuma in buga ƙusa inda bakin inuwa ya tsaya. Kowane wata da ƙusarsa, domin inuwa tafiya take yi. Bishiya ta ƙara tsawo, in ƙara ƙusa a gaba. Shekarun nan duka suna jikin katangar. Ƙusar ƙarshe taku huɗu ne tsakaninta da ɗakin inji. Inuwa ba ta taɓa wuce ta ba, rani da damina. Rufin ɗakin inji rana ke cinsa tun fitowa har faɗuwa, ni na san zafin da na sha a ciki.

Can ya kamata a sa gilasan tun farko.

To amma na ji mai hular roba yana cewa batura kusa da gilasai suke zama. In gilasai suka koma can, batura ɗakin za su shiga. Ɗakin ba ya cin biyu. Ciyaman kuwa tun bara yake kawo masu sayen tsohon ƙarfe suna leƙe ta taga.

In na yi shiru, bishiya. In na yi magana, inji.

Ba su tambaye ni ba lokacin da na faɗa. Wannan ma gaskiya ce.

Litinin, da yamma

Akwai hanya ta uku. A tayar da inji da yamma ya cika abin da rana ta rage. Kowa ya zauna inda yake. Na aika wa Ciyaman, ya ce masu taimakon da suka ba da gilasan sun sa sharaɗi ba hayaƙi a harabar asibiti. Sharaɗi! Mutanen da ba su taɓa kwana a garin nan ba.

Gani ya kori ji. Zan nuna musu.

Talata, da hantsi

Na samo dizal galan ɗaya wurin wani direba. Na wanke matatar mai. Na ɗaure bel.

Matar Auta ta koma ɗakin uwar yara tun shekaranjiya, wai ya fi sanyi. Ɗakin da ke jikin katanga. Shekara huɗu yana rufe, tun rasuwarta.

Laraba, bayan la'asar

Inuwa ta taɓa ƙusa, na sa ƙarfen murɗawa. Murɗa ta uku ya kama. Shekara guda yana kwance, murɗa ta uku! Ƙasa ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafata kamar da. Na dafa shi, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na fito bakin ƙofa don su gan ni.

Ungozoma ta fito da gudu tana ɗaga hannu, ban ji me take cewa ba. Baƙin hayaƙi ya fita ta bututu ya haura katanga ya shiga ganyen darbejiya, inda ya saba shiga. Wanda ganye bai tare ba ya wuce ya nufi tagar ɗakin.

Sai na ji tari.

Ta cikin ƙarar inji na ji shi. Daga ɗakin nan, ta tagar nan. Sau uku a jere, sannan jan numfashi mai ƙara, sannan sau uku. Na san tarin nan. Na san inda yake tsayawa da inda yake komawa.

Laraba, da magariba

An tayar ƙarfe huɗu. An kashe huɗu da kwata. Da hannuna na kashe, babu wanda ya sa ni.

Alhamis, da safe

Matar Auta lafiya lau. Ta ce, "Baba, ba komai, ya ɗan shaƙe ni ne." Uwar yara ma haka take cewa. Ba komai, Malam, ya ɗan shaƙe ni ne.

Shekararmu ta biyu a gidan nan ta dasa bishiyar. Ta kawo ta a gwangwani, ta auna da ido tsakanin bututun da tagarta, ta haƙa rami daidai tsakiya. Na ce me ya sa nan, ga fili can? Ta ce nan ya fi. Ban sake tambaya ba. Tagar kuma kullum a rufe, da tsummoki a cuse ta gefe. Idan ta wanke su baƙin ruwa ke fita. Ina gani. Ina wucewa in je in tayar.

Ba ta taɓa cewa in bar aikin ba. Da shi muke ci. Bishiya ta dasa.

Auta bai yi ƙarya ba. Rashin kunya ya yi, amma bai yi ƙarya ba.

Juma'a, da hantsi

Gobe ne. Masu zarto sun zo sun zagaya gindin bishiyar suna shawarar inda za ta faɗi. Zarton nasu ma na fetur ne. Na ce, ashe hayaƙi za a sa a sare bishiya don a kori hayaƙi. Ɗayansu ya ce, "Baba, mu dai aiki aka ba mu."

Na aika a kira Injiniya. Na ce ta zo kafin huɗu, ta taho da Ciyaman.

Juma'a, da yamma

Sun zo. Ungozoma ma ta fito, Auta yana daga ƙofar baya ya harɗe hannu.

Na ɗora yatsa a kan ƙusa ɗaya na ce wa Injiniya, rufe agogonki. Idan inuwa ta taɓa wannan, ki duba. Muka tsaya. Ciyaman ya ce yana da taro. Ungozoma ta ce, "Taron ya jira, ai kai ma an jira ka kwana biyu kafin ka fito duniya."

Inuwa ta taɓa. Ta buɗe hannu. Huɗu saura minti biyu.

Na bi da ita ƙusa bayan ƙusa, wannan na watan kaza, wannan shekarar da aka yi babban ruwa, wannan bara. Har ta ƙarshe. Na taka huɗu na dafa bangon ɗakin inji. Na ce nan ba ta taɓa zuwa ba.

Ta hau tsani ta duba rufin, ta ɗauki hoton katangar kaf. Ta sauko ta ce zai yi, sai an ƙara ƙarafa, aikin kwana uku ne. Sannan ta rage murya. "Amma Baba, batura ciki za su shiga. Injin sai ya fita."

Na ce na sani.

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar da aka ɗora gilasan.

Ungozoma ta dube ni, na san matar Tela take tunawa. Ni ma ita nake tunawa. Na ciro mabuɗin daga aljihu na miƙa wa Injiniya, ba Ciyaman ba. Wannan kam ban iya ba.

Asabar, da azahar

Masu zarto ba su zo ba. Masu tsohon ƙarfe ne suka zo, mutum shida da sarƙa. Suna ta dukan ƙusoshin gindinsa da guduma kamar masu fasa dutse. Na ce ku matsa. Na kwance musu da sifana ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya gardama mini, domin ni na ɗaure su. Da suka ɗora shi a mota ban tsaya kallo ba.

Ƙarfen murɗawa yana wurina. Ba su tambaya ba.

Lahadi, da hantsi

Na je shagon Tela. Na ce na zo duba mai jiki, kuma akwai abin da na sani na ƙi faɗa, da na faɗa da ba a kai ga haka ba. Ya tsayar da keke. Ya daɗe yana kallon zare. Ya ce, "Ta samu sauƙi." Ya ci gaba da ɗinki. Bai ce in zauna ba. Da ni ne ma ba zan ce ba.

Laraba, bayan la'asar

Sun gama jiya. Ungozoma ta leƙo da safe ta ce firij ya kwana da ransa. Ta ce, "Baƙin Mai, yanzu me za mu riƙa ce maka?" Na ce ki bari sai kin iya kiran sunana na gaskiya, shekara talatin ba ki koya ba.

Har yanzu ina cewa da sun tambaye ni. Kuma gilasan nan, ranar da hadari ya yi kwana biyar za mu gani.

Jan fentin ya ƙi fita. Auta ya kawo kananzir ya durƙusa yana gogewa, ban ce ya yi ba, ban ce ya bari ba. Bai fita duka ba. Bawo zai ture shi da kansa.

Ina zaune a gindin bishiyar inuwa ta kai wurin ƙarfe huɗu, ƙafafuna suka miƙe da kansu. Sai da na yi taku biyu na tuna. Na koma na zauna. Shiru, har ana jin ganye.

Sai na ji ƙara a bayana. Matar Auta ce take zare tsummokin tagar ɗaya bayan ɗaya. Ta tura da kafaɗa, ta ƙi, ta sake turawa, ta buɗe. Ta leƙo da kanta tana haki, ta ce, "Baba, ashe tagar nan tana buɗuwa?"

Na ce tana buɗuwa, 'yata. Bar ta a buɗe.